Me ya sa mutanen teku ba sa cewa dama da hagu? Amsa ga ɗan ƙanwata da ke bin kaya a Lome

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina ƙofar gida nan Mokoyo. Ka ce Alhajin da kake wa aiki ya tura ka Lome bin kwantena biyu, mako uku ke nan kana shiga tashar jiragen ruwa kana fita, amma har yau maganar mutanen wurin ba ta zauna maka a kunne ba. Ka jero mini babor, tiribor, rad, konesma da sirestari, sannan ka ce: "Kawu, wai yanga ce kawai ta masu aikin teku don kada a gane su, ko akwai dalili? Kuma mu da ba mu da teku, Hausa tana da sunayen waɗannan abubuwa?" Na ga ya fi in amsa maka a nan inda wasu za su gani, don 'yan Maraɗi da ke zarya tsakanin Lome da Kwatano suna da yawa, kuma na san da dama cikinsu gyaɗa kai kawai suke yi in ana musu bayani.

Ba yanga ba ce. Na yi shekaru cikin jirgin dakon kaya kafin in dawo tudu, kuma abin da na gane shi ne kowace kalma ta teku an ajiye ta ne don ta ɗauki ma'ana guda tak, wadda ba ta canzawa ko wa ya faɗe ta, ko ina ya fuskanta, ko wane harshe ya sha a nono. A kasuwa in ba a fahimci juna ba sai a sake magana. A ruwa kuwa jirgi mai tsawon mita 200 ɗauke da kaya ba shi da birki irin na mota. Kafin mutum ya ce "ba haka nake nufi ba", jirgin ya riga ya ci tafiya mai nisa.

Mu fara da babor da tiribor. Ka tsaya gaban abokinka kuna fuskantar juna, ka ce masa ya matsa dama. Damar wa, taka ko tasa? A masallaci ba a samun wannan ruɗani, domin kowa alƙibla ya fuskanta. In liman ya ce a cike sahu ta dama, ba mai waiwaye yana tambaya. To jirgi ma an yi masa alƙibla, ita ce goshinsa, wato gaban nan da yake keta ruwa da shi. In ka tsaya cikin jirgi ka fuskanci goshi, gefen da ke damanka shi ne tiribor, na hagunka babor. Daga nan sun zauna ke nan. Ko ka juya baya, ko kana kwance a ɗakinka, ko kana can ƙasa ɗakin inji inda babu taga, tiribor yana nan inda yake, domin sunan gefen jirgi ne, ba sunan hannun mutum ba. Kai ma ka tashi kana jin kakarka tana cewa a ɗaure akuya arewa da rumbu, ko a gusa da tabarma gabas. Dabarar ɗaya ce: a jingina magana da abin da ba ya juyawa.

Sunayen suna da asali. Kafin a ƙera allon juya jirgi da ke tsakiyar bayansa, mutanen arewacin Turai da wani babban filafili suke sarrafa jirgi, ɗaure a gefen dama can baya, tunda yawancin mutane da dama suke aiki. Faransawa daga harshen mutanen Holan suka aro kalmomin biyu: tiribor shi ne "gefen tuƙi", babor kuma "gefen baya", don matuƙi in ya kama filafilin da hannu biyu, bayansa yake ba wancan gefen. In ka dawo ka leƙa tafkin Madarunfa ka kalli mai kwale-kwale zaune a ƙarshen jirginsa yana gyara hanya da filafili ta gefe ɗaya, za ka ga hoton abin. Ingilishi suna cewa sitabod ga tiribor, ma'anar kuma ita ce dai gefen tuƙi. Ɗaya gefen da larbod suke ce masa, amma cikin iska da rugugin ruwa larbod da sitabod suna shiga kunne kamar abu ɗaya, sai rundunar ruwan Ingila ta soke shi a 1844 ta maye gurbinsa da fot, wato gefen tasha. Ka duba, an kashe kalmar da aka gada kaka da kakanni don kawai tana kama da 'yar'uwarta. Faransawa ma sun ji irin wannan tsoro, shi ya sa a jiragen yaƙinsu in ana ba matuƙi umarni dama da hagu ake cewa, tunda shi matuƙi kullum goshi yake fuskanta.

Da dare gefunan nan fitila ce ke faɗar su. Ja a babor, kore a tiribor, kowace tana haska digiri 112 da rabi daga goshi zuwa gefenta, sai fara a baya mai digiri 135. In ka haɗa, 360 cif, ba wata kusurwa da aka bari babu bayani. In ka hango ja kaɗai, hagun jirgi kake gani. In ka ga ja da kore lokaci guda, kanka ya nufo. Dokokin kauce wa karo a teku, waɗanda aka amince da su a 1972 suka fara aiki a 1977, a kan wannan aka gina su. Ƙa'ida ta 14 ta ce in jirage biyu masu inji suka yi gaba da gaba, kowa ya karkata tiribor. Ta 15 ta ce in hanyoyinsu za su gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa ta tiribor shi ne zai kauce. Har ƙaho yana da nasa harshe: gajeriyar busa ɗaya, na juya tiribor, biyu, na juya babor, uku, injina yana ja da baya, biyar a jere, ban gane nufinka ba, ka farka.

Ba na manta wani dare muna tsakanin Abijan da Tema, ina gadin sha biyu zuwa huɗu. Damina ce, sama ta rufe, ba wata ba tauraro. Sai wata jar fitila ta bayyana ta tiribor, da fara a samanta. Na auna kusurwarta, na jira 'yan mintoci, na sake aunawa, tana nan daram inda take, hasken kuwa sai ƙara girma yake. Duk mai aikin teku ya san wannan alama: in kusurwa ba ta motsi kuma tazara tana raguwa, karo ne ke tafe. Ni ke da alhakin kaucewa. Na ce, "Tiribor ashirin," wato a karkata allon juya jirgi digiri ashirin zuwa tiribor. Matuƙin, wani dattijo mutumin Gana, ya ce, "Tiribor ashirin," ya murza sitiyari, da allurar da ke nuna kusurwar allon ta kai ya sake cewa ashirin ta hau tiribor. Na danna ƙaho sau ɗaya. Sannu a hankali jar fitilar ta zame ta goshinmu ta koma babor, muka bi ta bayansa. Ban san sunan jami'in wancan jirgi ba, ban san ƙasarsa ba, ko rediyo ba mu taɓa ba, amma mun yi magana mun fahimci juna.

Ka lura matuƙin ya maimaita abin da na faɗa kafin ya aikata, ya kuma sanar da ni bayan ya gama. Wannan ba ladabi ba ne kawai, doka ce ta aiki. A jirgi ba a amsa umarni da "to". Ana mayar da shi ne da kalmominsa, don mai bayarwa ya ji da kunnensa abin da aka ji. In ba ka ɗauki komai daga wannan rubutu ba, ɗauki wannan: duk sadda mai fitar muku da kaya ya faɗa maka rana ko kuɗi ko lamba a waya, maimaita masa.

Gadin da na ambata, Faransawa kar suke ce masa, awa huɗu-huɗu ne, dare da rana jirgi ba ya rasa ido. Kwamanda shi ne madugu, maganarsa ce ta ƙarshe. Mataimakinsa ne ke kula da lodi da sauke kaya, saboda haka in ka taɓa hawa jirgi kan zancen kaya shi za ka nema. Bosko shi ne babban ma'aikatan bene, mai igiyoyi da anka da fenti. In jirgi ya iso bakin tasha sai wani ɗan gari ya hau ta tsanin igiya, shi ne pilot, jagaban da ya san kowane lungu na mashigar. Muddin yana ciki za ka ga tuta mai rabi fari rabi ja tana kaɗawa. Tutar rawaya zalla kuma tana cewa lafiya lau muke, a ba mu izinin hulɗa da tudu. Kalmar karantin da kuka sha ji lokacin annoba daga nan ta fito: kwana 40 da ake tsare jirage a Benis ta Italiya a zamanin da, in ana tsoron sun ɗauko cuta.

Hanya kuma ba a cewa gabas-maso-arewa, don wannan ya yi faɗi. An raba da'ira 360, arewa sifili, gabas 90, kudu 180, yamma 270, kuma lamba uku ake faɗa ɗaya bayan ɗaya. Alƙiblar Maraɗi, alal misali, wajen digiri 71 take, mai jirgi zai ce sifili, bakwai, ɗaya. Ba zai ce saba'in da ɗaya ba, kada a ji wani abu dabam.

Yanzu awo, wanda ni a wurina shi ne mafi daɗin sani. Mil na teku mita 1852 ne, haka aka tsayar a wani taro a Monako a 1929. Ba lamba ce da aka zaɓa da ka ba. Daga layin tsakiyar duniya zuwa ƙuryar arewa digiri 90 ne, kowane digiri an raba shi minti 60, to minti ɗaya ɗin nan shi ne mil na teku. Amfaninsa shi ne taswira da kanta ta zama ma'auni: ka buɗe bakin kamfas tsakanin wuri biyu, ka ɗora a gefen taswira, ka karanta nisa. Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa, ka ninka da 60, mil 810 ke nan tsakaninmu da layin tsakiyar duniya, kimanin kilomita 1500. Gudun jirgi kuma da ƙulli ake faɗarsa, haka kalmar take nufi a Faransanci da Ingilishi duka. Ƙulli ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa. Dalilin sunan, a da ana ɗaure wani ɗan katako da doguwar igiya wadda aka ƙuƙƙulla kowace ƙafa 47 da inci 3, a jefa katakon bayan jirgi, a juya agogon yashi na daƙiƙa 28. Igiya tana zarewa ta tsakanin yatsun mutum yana ƙirga ƙullin da suka wuce. Da yashi ya ƙare sai a damƙe. Ƙulli takwas suka wuce, jirgi yana gudun ƙulli takwas. Yau na'ura ce ke aunawa, amma sunan ya zauna. Tsakanin Lome da Kwatano kimanin mil 70 ne, jirgi mai gudun ƙulli 14 awa biyar za ta kai shi. Kada ka ce "ƙulli 14 a awa", awar tana cikin kalmar.

Zurfi kuwa, a nan sai ka yi murmushi, domin awonmu ne. Faransawa suna cewa baras, daga kalmarsu ta hannu, Ingilishi fadom, kuma duka abin da suke nufi shi ne mutum ya ware hannuwansa biyu, daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa. Gaba ke nan, wadda masu haƙar rijiya suke auna igiya da ita a ƙauyukanmu har gobe. Ta Ingilishi ƙafa 6 ce, mita 1.83. Mai auna zurfin teku da mai auna rijiya matsala ɗaya suka fuskanta, igiya a hannu ba ma'auni kusa, suka kuma warware ta hanya ɗaya. Sarƙar anka ma da gaba ake lissafinta, kowane yanki gaba 15, kimanin mita 27 da rabi. Kuma ba ƙugiyar anka kaɗai ke riƙe jirgi ba, nauyin sarƙar da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa yana da babban rabo, shi ya sa ake sakin ta ta ninka zurfin wurin sau da yawa.

In ka tsaya bakin tasha ka dubi tsakiyar cikin jirgi, za ka ga da'ira da layi ya ratsa ta, kusa da ita wasu gajerun layuka kamar tsani. Iyakar lodi ce. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta fafutuka har aka sa ta cikin doka a 1876, saboda masu jirage suna cika su fiye da ƙima, in sun nutse inshora ta biya, ma'aikata kuwa sun tafi. Layukan sun bambanta ne don ruwan daɗi ba ya ɗaga jirgi kamar ruwan gishiri, kuma teku lokacin sanyi ba ɗaya take da ta ƙasashen zafi ba. Duk sadda na ga motar kaya a hanyar Ɗan Isa an yi mata lodi har ta karkace, wannan layi nake tunawa, ina fatan da a ce motocinmu ma suna da irinsa.

A rediyo, tasha ta 16 ita ce ta kira da neman agaji, kowane jirgi yana sauraronta. Kalmomi uku ne a can, kuma dukansu Faransancin da ka karanta a lakwal ne. Mede, sau uku, rai yana cikin haɗari yanzu. Daga "ku taimake ni" na Faransanci aka samo ta, aka amince da ita a duniya a 1927. Pan-pan, daga pan ɗin nan da direbobinmu ke cewa mota ta yi: akwai matsala ta gaggawa, amma ba a kai ga halaka ba. Sekirite kuma gargaɗi ne, kamar hadari na tafe ko wani abu yana yawo a ruwa. Mai cewa mede alhali pan-pan ce ta same shi ya tayar da jirage daga hanyarsu a banza, mai cewa pan-pan alhali jirginsa yana nutsewa ya cuci kansa. Bayan gobarar jirgin fasinja Scandinavian Star a 1990, inda mutum 159 suka rasu kuma bincike ya nuna rashin harshe ɗaya tsakanin ma'aikata da fasinjoji ya ƙara dagula lamarin, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya da ke Landan ta tsara jimlolin Ingilishi na musamman, aka amince da su a 2001. A cikinsu mutum yakan fara faɗar irin maganar da zai yi kafin ya yi ta: tambaya ce, ko amsa, ko umarni, ko shawara, ko gargaɗi, ko sanarwa, ko roƙo, ko niyya. Wanda Ingilishinsa bai nuna ba ma ya san ko ana tambayarsa ne ko ana umartarsa.

To, mu zo kan kalmomin da ke taɓa aljihun Alhaji, don su ne suka kai ka Lome.

In an ce maka jirgi yana rad, kada ka buga waya Maraɗi ka ce kaya sun iso. Rad fili ne na ruwa a wajen tasha inda jirage ke sakin anka suna jiran layi. Fitilun nan da kake gani da dare jere a teku in ka tsaya bakin gaɓar Lome, su ne. Jirgi yana iya kwana ɗaya a can, yana iya mako. Sai an ce yana ke, wato ya jingina da dakalin tasha an ɗaure shi, sannan a fara zancen sauke kaya. Haka nan ETA, wato lokacin isowar jirgi, da kake gani a takarda, harafin farko yana nufin kintace ne, ba alkawari ba. Kuma ka tambaya ko kayan za su canza jirgi a hanya, don sau da yawa babban jirgi yakan ajiye kwantena a wata tasha, ƙarami ya ƙaraso da ita.

Konesma ita ce uwar takardu. Aiki uku take yi: rasit ce cewa jirgi ya karɓi kaya, shaida ce ta yarjejeniyar dako, sannan, wanda ya fi muhimmanci, ita ce mallakar kayan. Wanda ke riƙe da ta asali da sunansa, ko aka sa hannu aka miƙa masa, shi za a ba kwantena. Yawanci guda uku ake fitarwa, da an gabatar da ɗaya sauran sun mutu. Ka riƙe ta kamar takardar gona. Na taɓa ganin wani bawan Allah ɗan garinmu a Kwatano ya ba wani dillali ta asali don ya "taimaka ya gaggauta", bai karɓi ko rasit ba. Wata biyu yana kwana a masallacin zango kafin maganar ta warware, ramar da ya yi ba ta faɗuwa. Ka duba kuma lambar hatimin ƙofar kwantena, abin da suke kira palom, wato dalma, ta dace da wadda ke rubuce. Kamfanin jirgi bai ga abin da ke ciki ba, abin da mai kaya ya faɗa ya rubuta, hatimin nan shi ne shaidarka cewa ba a buɗe ba.

Sirestari asalinta kuɗin da ake biyan mai jirgi in an tsare masa jirgi a tasha fiye da kwanakin da aka yi alkawari. Yanzu har kwantena ake yi wa. Akwatin ƙarfen nan ba na Alhaji ba ne, aro ne. Ana ba ku wasu kwanaki kyauta, in sun ƙare sai kuɗi ya fara hawa kullum, kuma yawanci farashin kwana yana ƙaruwa in an daɗe. Wannan dabam yake da kuɗin ajiya da ita tashar ke karɓa don filinta, mutane da yawa suna haɗa su su rikice. Mu 'yan tudu abin ya fi cin mu, don kwantena sai ta yi doguwar tafiya zuwa Maraɗi ta koma fanko, shi ya sa wasu ke zazzage kaya a tasha su loda a mota. Kwanakin kyauta tun kafin a yi lodi ake cinikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai haruffan nan uku-uku na sharuɗɗan ciniki, FOB da CIF, waɗanda Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta fara tsarawa a 1936, na yanzu kuma na 2020 ne. A FOB mai sayarwa ya ɗora kaya cikin jirgi a tasharsa, kuɗin dako da inshora naku ne. A CIF shi ke biyan dako da inshora har tashar sauka. Amma ga inda 'yan kasuwarmu ke faɗawa rami: a duka biyun, da zarar kaya sun hau jirgi a can, asara ta koma wuyan mai saye. In ruwa ya shiga kwantena a tsakiyar teku, ba mai sayarwa za ku kama ba, takardar inshora za ku ɗauko. Kuma inshorar da CIF ta wajabta mafi ƙanƙanta ce, sai ka karanta ka ga ko ta rufe hanyar mota daga tasha zuwa gida.

Akwai wata kalma da nake roƙon Allah kada ka gamu da ita, amma ka san ta: abari komin, asarar tarayya. Ka ɗauka ayari ne ya shiga hamada, ruwa ya ƙare, madugu ya ce a zubar da kayan raƙumi uku don a ɗora marasa lafiya a tsira. Ai ba adalci ba ne masu kayan nan uku su ɗauki asarar su kaɗai, tunda kowa ya amfana. Haka dokar teku ta ce tun zamanin tsibirin Rodas na Girka: abin da aka sadaukar da gangan don ceton jirgi da kaya, kowa zai biya gwargwadon darajar dukiyarsa. Lokacin da jirgin dakon kwantena Ever Given, mai tsawon mita 400, ya toshe mashigin Suwez kwana shida a watan Maris na 2021, masu shi sun ayyana wannan doka. Ma'ana ko kayanka ba su yi ƙwarzane ba, ba za a sake maka su ba sai ka ba da lamuni. Mai inshora kamfaninsa zai tsaya masa, marar ita daga aljihu.

Ita kanta kalmar abari masana harshe suna mayar da ita ga Larabci, awar, wato aibin kaya. Ba ita kaɗai ba. Amiral daga amir ne, duwan da muke cewa daga diwani, magaza daga makhzan, tarif daga ta'arif, iskar muson daga mausim. Larabawa sun daɗe suna keta tekun Indiya da Bahar Rum, irin su Ahmad bin Majid na ƙarni na 15 wanda ke auna tsayin tauraro da yatsu. Harshen teku tarkace ne na kowa: Holan ta ba da gefuna, Larabawa suka ba da kalmomin ciniki, Faransa ta ba da kiran agaji. Ba wanda ya gaje shi shi kaɗai, saboda haka kada ka shiga tasha kana jin kamar baƙo a bikin wasu. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ma ta ba ƙasashe irin Nijar haƙƙin ratsawa zuwa teku, har da haƙƙin sa tutarsu a jirgi.

Game da Hausa kuwa, ba mu zo hannu rabbana ba. Jirgi kalmarmu ce ta ruwa tun kafin mu ga dogo ko fiffike, daga baya muka ce jirgin ƙasa da jirgin sama. Tuƙi ma a ruwa da tukunya muka san shi kafin mota ta zo. Muna da fito, da filafili, da gaɓa, da mashigi, da tsibiri, da raƙuman ruwa, da kwata inda jirage ke tsayawa, da Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi a garuruwan bakin kogi. Sarkawa da masuntan Gaya da na tafkin Cadi suna da kalmomin da mu mutanen gulbin da ke ƙafewa da rani ba mu sani ba, kuma ina ganin duk mai son rubuta ƙamus na wannan fanni wajensu ya kamata ya fara zuwa, ba wajen ƙamus na Faransanci ba. Inda muke da tamu, kamar gaba da ƙulli da goshi da jagaba, mu yi amfani da ita. Inda babu, aro ba abin kunya ba ne, mun ari anka da kwantena sun zauna lafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fassara babor da hagu kawai a wuce, don an zubar da ainihin abin da ya sa aka ƙirƙiro kalmar. In za a faɗa da Hausa, a ce hagun jirgi da daman jirgi, kuma a tsaya a kan haka kullum.

Gobe in ka je wurin mai fitar muku da kaya, ka tambaye shi abu huɗu ka rubuta a gabansa: jirgin yana rad ne ko yana ke, ran da aka sauke kwantenonin, kwana nawa na kyauta suka rage, da kuma wa ke riƙe da konesma ta asali a yanzu. Sannan ka ɗauki hoton konesmar gaba da baya ka turo mini, ƙananan rubutun nan na baya nake son gani. Mahaifiyarka ta zo jiya tana tambayar ko kana cin abinci sosai, ka kira ta.